Daga "likita ko malami" zuwa maganar sulhu

Lokacin da muka kama alli, bayan guguwar shirin ilimin firamare na bai-ɗaya (UPE) ta 1976, muhawara iri ɗaya muka sani. Ranar Juma'a a jera benci biyu, a ce tsakanin likita da malami wa ya fi amfani. Yara su zuba hadda, a tafa, a tashi. Darasin zamantakewa da Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta yaɗa a Arewa ya ce a bar yaro ya yi tambaya, amma mu a allo muke rubutawa, su kwafa.

Rikicin Kafanchan na Maris 1987 daga taron ɗalibai a Kwalejin Ilimi ya taso, sai muka ƙara kame baki. Addini, ƙabila, siyasa, duk a bakin ƙofa ake barinsu. Bayan rikicin Kaduna na 2000 bitoci suka yawaita, irin na Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, sai dai a birni suka fi tsayawa.

Mu a Kuyello damuwarmu daji ce. A 2022, da 'yan Ansaru suka hana harkar siyasa a gabashin Birnin Gwari, malami bai san kunnen da zai kwashi maganarsa ba. Aka yi sulhu da 'yan bindigar daji a Nuwamba 2024, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, yaran da suka yi hijira suka fara dawowa. Ran nan wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malam, wanda ya kashe babana a gona, shi ma an yafe masa?" A bencin baya wani ɗan makiyayi, da aka ƙone musu ruga, ya sunkuyar da kai.

Ba takardar bita ce ta cece ni ba, karatun zaure ne. Malaminmu na fiƙihu ba ya faɗin nasa ƙaulin sai ya kawo na kowa, yadda mai shi zai yarda. Sai na ce wa yaran ba mai amsa wa ɗan'uwansa sai ya maimaita abin da ya faɗa, har ya ce "haka nake nufi". Kuma a ambaci laifi, kada a ambaci ƙabila.

Yaron ya maimaita maganarta, muryarsa tana rawa. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce haka ne. Ƙananan malamai biyu suna tsaye a taga; washegari ɗayansu ya ce in zo in zauna masa a nasa ajin.