Tsohon Dodo a Sabuwar Riga: Tarihin Sake Shirya Finafinan Dodanni da Abin da 'Yan Kallo ke Jira

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, ko a garuruwan da Hausa ta zama harshen kasuwa da na hira, kamar Arikya ta ƙasar Lafiya a Jihar Nasarawa, ya san cewa yaro ba ya ƙosawa da tatsuniyar da ya riga ya sani. Hasali ma ita yake roƙo a maimaita masa, kuma idan kakarsa ta tsallake wani wuri, nan take zai yi mata gyara. Wannan muƙala za ta bi sawun wannan ɗabi'a a tarihin finafinan manyan dodanni da ake ta sake shiryawa, domin mu gano abin da ɗan kallo yake nema a labarin da ya san ƙarshensa.

Dodo a Adabinmu

Tun kafin a buɗe silimar Rex a Kano a 1937, Bahaushe ya san dodo. Tarihihin Bayajida ya kawo macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya wallafa daga 1911 zuwa 1913, da waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar a farkon shekarun 1970, suna ɗauke da Dodo iri-iri. A wata ruwaya, Ɗan Auta ne ya gasa duwatsu ya jefa wa Dodo a baki, gari ya sami barci. Idan muka lura, girman jiki ba shi kaɗai ke sa a ji tsoron waɗannan halittu ba. Kowannensu yana tsaye ne a kan abin da al'umma take fargabar rasawa, wato ruwan sha, ko 'ya'ya, ko kwanciyar hankali da dare. Da wannan ma'auni za mu auna dodannin silima.

Goggon Birin Amurka

A 1933, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, Merian Cooper da Ernest Schoedsack suka fitar da King Kong. Labarin wani ƙaton goggon biri ne da aka kamo daga tsibiri aka kai birnin New York don a riƙa nuna shi ana karɓar kuɗi, ya tsinke sarƙa, ya hau dogon benen Empire State, jiragen sama suka harbo shi. Abin mamaki, birin ɗan gunki ne da bai wuce kamu ɗaya ba, wanda Willis O'Brien yake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hotonsa ɗaya bayan ɗaya.

A 1976 Dino De Laurentiis ya sake shirya fim ɗin. Da yake duniya ba ta daɗe da fita daga matsalar man fetur ta 1973 ba, sai aka mayar da matafiyan ma'aikatan kamfanin mai, birin kuma ya hau tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya. An yi ta kururuta wani ƙaton birin ƙarfe da aka ƙera, amma da aka shiga kallo sai ya bayyana na 'yan daƙiƙoƙi kawai, yawancin sauran mutum ne sanye da rigar biri. A 2005 Peter Jackson ya mayar da labarin shekarar 1933, ya ƙera birin da kwamfuta. An yaba da aikin, sai dai wasu sun koka cewa fim ɗin ya haura awa uku, kuma an daɗe ana jira kafin dodon ya leƙo. A duk ukun, abu guda ne ba a taɓa ba: dole birin ya hau bene, dole ya faɗo, dole kuma a tausaya masa.

Dodon Tekun Japan

Tarihin Godzilla ya fi fito da batun fili. Kamfanin Toho ya fitar da shi a watan Nuwamba na 1954, Ishiro Honda ya ba da umarni. Shekara tara ke nan da jefa bam a Hiroshima da Nagasaki, kuma a watan Maris na wannan shekara tokar gwajin bam ɗin Amurka a tsibirin Bikini ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23. Saboda haka dodon da gwajin nukiliya ya tayar daga teku ya rusa Tokyo ba baƙo ba ne ga masu kallo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A 1998 Roland Emmerich ya yi wa dodon sabon zubi a Amurka. Kuɗi da fasaha sun wadata, amma abin da ya fito ƙaton ƙadangare ne mai kama da guza, yana gudu yana ɓuya tsakanin gine-gine, har makamai masu linzami suka kashe shi. Fim ɗin ya yi ciniki, amma masoya suka ce wannan ba dodonsu ba ne, aka kuma fasa ci-gaban da aka tsara. A 2004 Toho ta rage masa suna zuwa Zilla kawai. Akasin haka, fim ɗin Shin Godzilla na 2016 ya sauya kamannin dodon ƙwarai, amma Japanawa suka karɓe shi hannu bibbiyu, domin ya tuna musu da bala'in Fukushima na 2011 da jan ƙafar hukumomi. Haka nan Godzilla Minus One na 2023 ya koma kan raunin da yaƙi ya bari, ya kuma ci kyautar Oscar ta fasahar hoto a 2024. Ashe ɗan kallo yana yafe sauyin kama, abin da ba ya yafewa shi ne a raba dodo da dalilin tsoronsa.

Darasi ga Fim ɗin Hausa

Tun daga Turmin Danya na 1990, masana'antarmu ta Kano ta yi suna wajen sake ɗinka labarin wasu, musamman na Indiya, waɗanda 'yan kallo suka haddace tun zamanin silimomin Palace da Plaza. An taɓa waiwayar gida, kamar yadda kamfanin Sarauniya ya mayar da tatsuniyar Daskin da Riɗi fim a ƙarshen shekarun 1990, amma Dodo bai sami gurbin da ya dace da shi ba. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne rashin kuɗi da kayan aiki. Tarihin da muka bibiya bai goyi bayan wannan uzuri ba, domin Godzilla na farko mutum ne, Haruo Nakajima, cikin rigar roba mai nauyi, yana tattake ƙananan gidajen da aka ƙera da hannu.

Kammalawa

Mun ga cewa ɗan kallo yana shiga da buƙata biyu: ya tarar da tsohon dodon da ya sani, ya kuma tarar da shi yana tsaye a kan fargabar yau. Yaron Arikya da yake kallon Godzilla a wayar yayansa ya san rafin da ke ƙafewa da rani, ya san hanyar da ake tsoron bi bayan magariba. Wannan shi ne wurin da macijin Kusugu zai tsaya a yau. Ya rage wa ɗalibanmu da marubutanmu su fito da shi, kafin yaranmu su tashi ba su san wani dodo ba sai na aro.