Daga Gonar Alkama Zuwa Cajar Wayarka: Tarihin Lissafin ANOVA

Yau tarihi zan ba ku, amma daga shago zan faro.

Wani dattijo ya taɓa kawo mini waya wai ba ta shan caji da wuri. Na bi ƙa'idar da ogana ya koya mini: canza abu ɗaya, ka bar sauran yadda suke. Na sa sabon kan caja da igiyarsa, ba canji. Na mayar da kansa na sa sabuwar igiya, shiru. Sai na yanke hukunci batir ne, na karɓi kuɗinsa na sa sabo. Washegari ya dawo, matsala na nan. Ashe kan da igiyar duka biyun ne ba su da ƙarfi, ni kuwa ban taɓa haɗa sababbin biyu a lokaci guda ba. Daga baya na gano an warware irin wannan kuskuren kusan shekara ɗari da suka wuce, kuma a gona.

A garin Harpenden na Ingila akwai cibiyar binciken noma mai suna Rothamsted. John Bennet Lawes, mai kamfanin takin zamani, ya kafa ta a 1843 tare da masanin sinadarai Joseph Henry Gilbert. A shekarar suka fara shuka alkama a wani fili da ake kira Broadbalk, suka yanka shi kashi-kashi: nan takin dabbobi, can takin zamani, wani kuma ba a sa masa komai. Duk shekara a auna amfani a rubuta. Har yau ana noman wannan fili. Littattafai suka taru fiye da shekara 70, amma wane bambanci ne na taki, wanne ne na ruwan sama ko na ƙasar wurin? An rasa mai rarrabewa.

A 1919 shugaban cibiyar, John Russell, ya ɗauko wani matashi, Ronald Fisher, ɗan shekara 29. Malamin makaranta ne a da, idonsa ba ya gani sosai, shi ya sa ma soja suka ƙi ɗaukarsa a yaƙin duniya na farko. Aka zube masa tarin alƙaluman nan. Dabarar da ya fito da ita ita ce yau ake kira ANOVA, wato rarrabe bambancin sakamako gida-gida don a ga daga ina kowane kaso ya fito. A 1923 shi da Winifred Mackenzie suka yi aiki da ita a kan dankalin Turawa iri 12 da aka ba taki daban-daban. Tambaya uku suka yi wa gwaji ɗaya. Irin dankali yana da tasiri? E. Taki yana da tasiri? E. To akwai irin da taki ya fi karɓa fiye da wani? Nan ba su ga hujja ba. Wannan tambaya ta uku ita ce sabon abu.

Kafin nan, abin da aka ɗauka hikima shi ne irin ta ogana, a gwada abu ɗaya a lokaci guda. A 1926 Fisher ya rubuta ƙarara cewa wannan kuskure ne. Ya ce a jera duk haɗin da zai yiwu a gwada su tare, wanda ake kira tsarin faktoriyal. Ba shi ya fara haɗa taki biyu a fili ɗaya ba, su Lawes sun yi, amma shi ya kawo lissafin da ke auna abin.

Bari mu koma kan caja ka gani da idonka. Lambobin nan misali ne kawai. Mu ce muna auna mintin da waya ke ɗauka ta kai rabi. Tsohon kai da tsohuwar igiya, minti 90. Tsohon kai da sabuwar igiya, 90. Sabon kai da tsohuwar igiya, 86. Sabo da sabuwa, 40.

Idan ka ɗauki matsakaici, tsohon kai 90 ne, sabo 63. Bambancin minti 27 ɗin nan shi ne tasirin kan caja shi kaɗai, ba ruwanmu da wace igiya. Shi ake kira babban tasiri. Amma ɗan uwa, duba da kyau. Babu inda aka samu 27 a zahiri. Da tsohuwar igiya minti 4 kacal sabon kai ya rage, da sabuwa kuwa 50. Amfanin kai ya dogara da igiyar da ka haɗa shi da ita. Wannan shi ne tasirin haɗuwa, kuma in yana da ƙarfi haka, babban tasiri shi kaɗai zai iya yaudararka. Ni a shago uku na gwada cikin huɗun nan, na bar na ƙarshe, kuma can amsar take. Duk manomin da ya zuba yuriya a gonar da ke neman NPK ya san wannan a jikinsa, ko bai san sunansa ba.

Saura tambaya ɗaya: ya za ka san bambancin ba dace ba ne? Wutar NEPA na hawa da sauka, waya na zafi. Don haka kowane haɗi ana maimaita shi, kuma a yi ƙuri'a wajen jera su. Fisher ya matsa sosai a kan ƙuri'ar nan. Sai ANOVA ta kasa bambancin kashi huɗu: na kai, na igiya, na haɗuwarsu, da ragowar da ba a san dalilinsa ba. A gwada kowane da ragowar. In ya ninka shi sosai, ka samu hujja. Lambar da ke fitowa ana kiranta F, sunan da Ba'amurke George Snedecor ya sa mata don girmama Fisher.

Fisher ya bar Rothamsted a 1933, ya fitar da littafinsa The Design of Experiments a 1935. Frank Yates ya gaje shi, a 1937 ya sauƙaƙa lissafin ga gwaji mai abubuwa da yawa. Shi kansa gwanin bai tsira daga tuntuɓe ba fa: a shekarun 1950 ya dage cewa ba a tabbatar taba na jawo kansar huhu ba, kuma tarihi bai ba shi gaskiya ba. Ya rasu a 1962 a Ostireliya.

Abin da suka yi ta murɗa injin lissafi a kansa, yau yana cikin Excel na kwamfuta, a ƙarƙashin Analysis ToolPak. Masu magani da masana'antu na aiki da shi, haka kamfanonin manhaja in suna gwada launin maɓalli da rubutunsa tare.

Dattijon kuwa, na mayar masa da tsohon batirinsa da kuɗinsa, ya sayi kai da igiya. Sabon batirin ya fi wata biyu a durowa kafin na samu mai irin wayar.