Daga Ƙararrawar Limamin Coci Zuwa Idon Da Ke Ganin Ɗumin Jiki

Yawancin masu kiranmu mu haɗa musu ƙararrawar ɓarayi sun ɗauka abin ya zo ne tare da wayar salula. Ina! Sana'armu ta girmi tarho. A 1853 wani limamin coci mai suna Augustus Pope, a Somerville kusa da Boston ta Amurka, ya yi rajistar na'urarsa: batir, waya, maganaɗisun lantarki da ƙararrawa. Da an buɗe ƙofa ko taga sai ƙarfe biyu su haɗu, wuta ta bi, ƙararrawa ta kama kaɗawa. Matsalarta ɗaya, ɓarawo mai wayo ya yanke waya shi ke nan, gida ya yi tsit. Daga baya aka juya dabarar: wuta ta riƙa zagayawa kullum, yankewarta ce ke tayar da jiniya. Har yau haka muke haɗa ƙofofi.

Pope bai ci moriyar abinsa ba. Wani ɗan kasuwa, Edwin Holmes, ya sayi haƙƙin a 1857, ya ga Boston ba ciniki, ya koma New York a 1859, inda ɓarayi suka fi yawa, masu tsoronsu ma haka. Ya ɗauki tambayar da ta dame mu har gobe da muhimmanci: idan ƙararrawa ta kaɗa babu kowa a gida, wa zai ji? Sai ya ja wayoyi daga shaguna da gidaje zuwa ofishi guda mai ma'aikata dare da rana. A 1877, a ofishin ɗansa da ke Boston, waɗannan wayoyin aka yi amfani da su wajen haɗa masu tarho na farko: da rana a yi magana, da dare su koma gadi.

Duk wannan tsaron ƙofa ne da taga. Wanda ya faso ta rufi, ko ya laɓe a shago kafin a rufe, ya tsira. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Samuel Bagno ya fito da na'urar da ke cika ɗaki da sautin da kunnen mutum ba ya ji, tana sauraron dawowarsa. In wani abu ya motsa, sautin ya sauya, sai ta yi ihu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Labule ya kaɗa, ihu. Iska ta shigo ta ƙasan ƙofa, ihu. Mai gida ya gaji ya kashe ta gaba ɗaya.

Farar sensar nan da ake maƙalawa a kusurwar falo ta bazu ne daga shekarun 1970, kuma ita ba ta fitar da komai, kallo kawai take yi. Ɗumin da jikin mutum ke fitarwa take gani. Duba farar robar fuskarta da kyau, za ka ga an yanyanka ta gida-gida. Kowane gida yana kallon yanki ɗaya na ɗakin, tsakaninsu kuma akwai gurbin da ba ta gani. Idan mai ɗumi ya fita daga wannan yanki ya shiga wancan, 'yar ƙwayar da ke ciki ta ji zafi ya zo ya wuce, sai ta ba da sanarwa. Shi ya sa muke ɗora ta sama da mita biyu kaɗan, ta yadda mai shigowa zai gitta ta gabanta. Wanda ya nufo ta kai tsaye yakan matso sosai kafin ta farga. Yaran da ke koyon aiki sun fi son su saita ta tana fuskantar ƙofa, wai ta ga fuskar ɓarawo, sai ka ce kyamara ce.

A nan Arewa sai da muka sake koyon aikin. Sensar bambanci take nema tsakanin jiki da bango. A watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato, ɗakin da ya wuni ƙarƙashin kwano yakan kai zafin fatar mutum, sai ganinta ya ragu. Tsaka ta bi ta kan robar da dare, kusancinta ya sa ta zama ƙatuwa a idon na'urar. Ga gizo-gizo, ga ƙurar hunturu. Maganin da aka samo tun shekarun 1980 shi ne a haɗa ido biyu a akwati ɗaya, na ɗumi da na igiyar rediyo, jiniya ba za ta tashi ba sai duka biyun sun shaida. Ta fi tsada, amma a sito ko gareji ba na yarda in saka wata.

Ihun ƙarya ba ƙaramin abu ba ne. A Ingila, ƙararrawar da ta kira 'yan sanda sau uku a banza cikin wata goma sha biyu, sukan daina zuwa sai an gyara ta. Mu nan ba mu bi ta matakin Holmes na jan waya zuwa ofishi sosai ba, domin gidajen da ke da layin tarho ba su da yawa. Sai bayan shigowar salula a 2001 aka fara samun akwatin da ake sa wa sim, ya kira mai gida da kansa. Kiran mutumin da ke Abuja kan gidansa na Kano kuwa ihu ne bayan hari, don haka lambar maigadi ko ta shugaban 'yan sintirin unguwa nake fara shigarwa, ta mai gida ta biyo baya.

Abu biyu suka fi kashe waɗannan akwatuna, kuma babu ɓarawo a cikinsu. Ƙaramin batirin da ke riƙe su in an ɗauke wuta, zafi da yawan ɗaukewar kan gajiyar da shi da wuri. Sai sim ɗin: an manta da shi a bango, kuɗinsa ya ƙare, kamfani ya rufe layin, fitilar akwatin tana nan koriya, mai gida yana tafiye-tafiyensa hankali kwance.