Toshe Shafukan Batsa da Haƙƙin Iyaye: Bin Sawun Bidiyo Zuwa Wayar Yaro a Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

Tsakure

Muhawarar kare yara daga batsar intanet ta rabu gida biyu: masu neman a tilasta wa kamfanonin sadarwa toshe shafuka, da masu cewa tarbiyya nauyi ne da ke wuyan iyaye. Wannan maƙala ta bi sawun bidiyo tun daga inda ya fito har ya faɗa hannun yaro a gundumomi uku na jihar Maraɗi. Abin da ta gano shi ne babbar mashigar ita ce rumfar caji da tura fina-finai, wurin da idon kamfani ba ya kaiwa, ƙafar uba kuma ba ta cika takawa ba. Don haka ta ba da shawarar a mai da hankali kan wannan rumfa.

1. Gabatarwa

A watan Maris na 2025 Majalisar Wakilan Nijeriya ta amince da ƙudurin da Dalhatu Tafoki, ɗan majalisa daga jihar Katsina, ya gabatar, inda ta umurci hukumar sadarwa ta NCC da ta sa kamfanoni su toshe shafukan batsa. Maganar da aka yi a Abuja ba ta kwana ba ta iso Maraɗi. A zaurukan malamai da tarukan iyayen yara na lakwal an riƙa tambayar me ya hana hukumarmu ta ARCEP ɗora wa Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecom irin wannan nauyi. Damuwar ta gaskiya ce. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma salula mai katin memori, Tecno ko itel, ta shiga ƙauyukan da wutar NIGELEC ba ta taɓa zuwa ba. Tambayar da wannan aiki ya sa gaba ita ce: idan aka toshe shafukan gobe, me zai sauya a hannun yaron Agiye?

2. Bitar ayyukan da suka gabata

Masu cewa a bar wa iyaye ba su buƙatar doguwar amsa, domin babu mai musun cewa uba makiyayi ne a gidansa. Za a dawo kansu a sashe na 4. Masu neman toshewa su ne ke da hujjar da ta cancanci a tsaya a kanta, kuma madogararsu mafi ƙarfi ita ce Birtaniya.

A watan Yuli na 2013 firaminista David Cameron ya ba da sanarwar cewa manyan kamfanoni huɗu, BT da Sky da TalkTalk da Virgin Media, za su riƙa gabatar wa kowane gida matacin da ke tare shafukan manya. Shekara guda bayan haka hukumar Ofcom ta ba da rahoton cewa a cikin sababbin abokan ciniki, waɗanda suka karɓi matacin ba su kai gida ɗaya cikin bakwai ba. Daga baya Przybylski da Nash (2018) na Jami'ar Oxford suka auna amfanin matacin kansa a kan matasan Turai, suka ƙiyasta cewa sai an sa shi a gidaje 17 zuwa 77 kafin a kare matashi guda daga cin karo da hotunan batsa. An jingine dokar tantance shekaru ta 2017 a watan Oktoba na 2019 tun ba a fara aiki da ita ba. Da aka fara tilasta tantancewar a watan Yuli na 2025 a ƙarƙashin dokar 2023, sai aka ga mutane sun yi rubdugu kan manhajojin VPN masu ɓoye ƙasar da mai waya yake. Indiya ma ta ba da umurnin toshe shafuka 857 a 2015, ta sassauta cikin 'yan kwanaki.

Duk da haka, saɓanina da masu kafa hujja da Birtaniya ya fi wannan zurfi. Tsarin nasu an gina shi ne a kan gida mai layin intanet guda, mai uba ko uwa da ke biyan kuɗin wata, suna karanta abin da ya fito a allo. Wanda ya san Gazawa ya san irin wannan gida ba shi ne gidanmu ba. Ayyukan da suka fi haska mana hanya na kusa ne. Larkin (2008) ya nuna yadda fina-finai ke yawo a Kano ta hanyoyin kwafe da ke gefen hukuma. Masquelier (2019) ta bayyana fada, wato zaman shayi na samarin Nijar, a matsayin inda saurayi ke samun abokai da labari da ɗabi'a. Sannan akwai abin da ya faru a Kano a 2007, lokacin da bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth, har ya girgiza masana'antar baki ɗaya. A lokacin intanet bai wadata a wayoyi ba, kuma babu shafin da za a ce da an toshe shi da abin bai yaɗu ba.

3. Hanyar bincike

An yi amfani da hanyoyi biyu. Ta farko nazarin dokoki da rahotannin da aka ambata. Ta biyu zama a rumfunan caji a ranakun kasuwa a garuruwan da ke kan babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1, da hira da masu rumfa, malaman lakwal, malaman allo da iyaye. Ba a yi hira da yara ba, ba a kuma buɗe wayar kowa ba. An ɗauki Agiye da Gazawa tare saboda gunduma ɗaya ce kafin a raba su a 2011, aka haɗa da Gidan Rumji saboda kusancinta da iyakar Nijeriya.

4. Sakamako

4.1 Rumfar caji da turi

A karkarar Nijar gidajen da ke da wutar lantarki ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce waya ba ta kwana a gida kullum. Tana zuwa wurin mai caji, mai faranti na hasken rana ko ɗan janareto, ta yi sa'o'i a can. Wa ake aika ya kai ta, ya kuma ɗauko ta? Yaro. Wayar uba, ta uwa, ta yayan da ya tafi gona, duk a hannun ɗan shekara goma zuwa sha huɗu suke zuwa su dawo, kuma tsakanin rumfa da gida akwai inuwar gawo da yawa.

Mai cajin sau da yawa shi ne mai tura fina-finai, ko kuma maƙwabcin rumfarsa ne. Yana da kwamfuta ko babbar waya cike da fina-finan Hausa, na Indiya masu fassara, waƙoƙi, kokowa, wa'azi da karatun Alƙur'ani. Da ɗan kuɗi kaɗan yake cika katin memori. Dole a faɗa a nan cewa mafi yawan waɗanda aka zauna da su mutanen kirki ne masu neman halali, wasunsu ma ba su ajiye abin da samari ke kira bulu fim ko kusa. Amma mutum ɗaya a kasuwa ya isa. Da zarar bidiyo ya shiga kati guda, sauran aikin na Xender ne da Bluetooth, waɗanda ke haɗa waya da waya kai tsaye, babu kiredi, babu rezo, ko katin layi ba a buƙata. A fada guda da daddare, kafin a sha shayi na uku, abin da ke waya ɗaya ya shiga biyar.

Nan ne gizo ke saƙar. Kamfanin sadarwa yana toshe shafi ne ta hanyar hana wayarka samun adireshin shafin idan ta nema a kan layinsa. Bidiyon da aka sauke sau ɗaya a Maraɗi ko Katsina ko Kano, aka ɗauko shi a aljihu cikin motar kasuwa, bai sake neman adireshin kowa ba. Ko an rufe kowane shafin batsa na duniya a kan layukan Nijar huɗu, abin da ke cikin kati yana nan yadda yake, yana kuma haihuwa. A ƙasar da masu amfani da intanet ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na jama'arta ba, tsadar data ce ta riga ta yi aikin mataci, ta tura samari ga hanyar da ba ta cin kuɗi. Masu neman toshewa suna so su datse ƙofar da yaron ƙauye bai cika bi ba.

Ko a inda ake da data, hanyar ba ta shafi ba ce. Tun watan Afrilu na 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, kamfanin layi ba ya ganin abin da ke ciki. Bidiyon da aka jefa a zauren abokai ba a iya tace shi sai dai a rufe WhatsApp ɗungurum, kuma da shi ne ɗan ci-rani a Agadas ko Libiya ko Legas ke aiko wa mahaifiyarsa saƙon murya, da shi ne ɗan kasuwa ke jin farashin wake da gyaɗa. A garuruwan bakin iyaka kuma, mutane da yawa na riƙe da layin gida tare da na Nijeriya, wanda umurnin ARCEP ba ya hawa kansa.

4.2 Iyayen da ake ɗora wa nauyi

Masu cewa a bar wa iyaye suna nufin uba ya sa makulli a waya, ya duba abin da ɗansa ya kalla. Manhajojin da aka yi don haka, irin su Family Link na Google, suna buƙatar adireshin imel da iya karatun Faransanci ko Ingilishi. Manyan da ke iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, mata a karkara sun fi nisa da wannan adadi. A gidaje da yawa yaron ne ke buɗe wa mahaifinsa waya, shi ke ajiye lambobi, shi ke sa kiredi. Da rani kuma uban ba ya gari, sai uwa. Cewa irin wannan uwa ta yi sakaci zalunci ne a gare ta. An ba ta gadin ƙofar da ba a nuna mata inda take ba. Abin da ke hannunta, kuma iyaye mata da dama sun ambata shi da kansu, shi ne ta san wace rumfa ake kai wayar gida, ta hana waya kwana a ɗakin samari, ta cire kati kafin a aiki yaro caji.

4.3 Doka

Dokar Nijar mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet ta riga ta tanadi hukunci ga mai haɗawa ko yaɗa hotunan batsa da suka shafi yara. Wannan fanni babu sassauci a cikinsa, kuma toshe irin waɗannan shafuka wajibi ne ko da mutum ɗaya zai kare. Faɗaɗa ikon toshewa zuwa jerin shafukan da babu alƙalin da ya duba su lamari ne daban. Mutanen Maraɗi ba su manta da kwanaki kusan goma da aka yanke intanet na salula daga 24 ga Fabrairu 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ba. Duk makullin da aka ƙera don kare yara, a rubuta a doka wanda zai riƙe shi da wanda zai tambaye shi.

5. Tattaunawa

Agiye tana da abin koyi a cikin gidanta. A Ɗan Saga, lokacin da manoma suka rungumi sassabin zamani, suna barin tsiron itatuwa ya girma a gonaki, matsalarsu ita ce masu sara da dare. Ma'aikatan gandun daji ba su da yawan da za su tsare kowace gona, mai gona shi kaɗai kuma ba ya iya kwana a gindin kowane icce. Sai gari ya kafa kwamitin sa ido da ya haɗa maza da mata da matasa da makiyaya, da ƙa'idojin da kowa ya yarda da su, da tara ga wanda ya karya. Itatuwan da ke tsaye a yau shaida ne. Matsalar rumfar turi irin wannan siffa gare ta: ta fi ƙarfin gida ɗaya, ta kuma yi wa hukumar Yamai nisa, amma daidai take da ƙarfin gari. Masu rumfa a kasuwa ba su da yawa, an san su, an san iyayensu, suna da sarkin kasuwa da maigari a kansu. Da yawansu za su yi maraba da ƙa'idar da za ta raba su da mai ɓata musu suna.

6. Iyakokin bincike

Za a ce aikin bai ƙirga komai ba, kuma haka ne: lura ce da hira, ba ƙididdiga ba, ba a kuma ji ta bakin yaran ba. Ƙauyukan Gidan Rumji na bakin iyaka, inda matsalar 'yan bindiga ta kawo 'yan gudun hijira tun 2019, ba a shiga su ba. Isowar Starlink Nijar a 2025 na iya sauya lissafin data a garuruwa nan gaba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke sa bidiyon da ke cikin kati ya bi ta layin kamfani.

7. Kammalawa

Toshe shafuka a kan layukan Nijar zai kare yaron birni mai data daga faɗawa cikin batsa bisa kuskure, kuma saboda wannan ba a ƙi shi ba, muddin alƙali na duba jerin. Ga yaron Agiye da Gazawa da Gidan Rumji amfaninsa kaɗan ne. Ina kira ga magadan gari da sarakunan gargajiya da limamai da kwamitocin iyayen yara na lakwal a waɗannan gundumomi uku da su kira masu caji da masu turi zama kafin kakar bana ta wuce, a rubuta sunayen rumfuna, a amince cewa ba a cika wa yaro kati sai da babba a tsaye, a kuma sa mata cikin masu sa ido kamar yadda aka yi a Ɗan Saga.