ZZ Top: mutum uku, gemu biyu, shekara 51 ba a rabu ba

Masu saurarenmu na rugage da na kasuwannin kan iyaka, wannan makon shirin tarihin kiɗa ya kai mu jihar Texas ta Amurka, ƙasar shanu da ke maƙwabtaka da Meziko. A birnin Houston na can ne aka kafa ƙungiyar ZZ Top a 1969. Zuwa 1970 ta tsaya a kan mutum uku: Billy Gibbons mai jita da waƙa, Dusty Hill mai jita mai kaurin murya, sai Frank Beard makaɗin ganguna.

Kunnuwansu a kan iyaka suka buɗe. A zamanin ƙuruciyarsu, dokar Amurka ta ƙayyade wa tashoshin rediyo ƙarfin wat 50,000. Sai 'yan kasuwa suka tsallaka kogin Rio Grande suka kafa tashoshi a Meziko, inda dokar ba ta kai ba. Ɗaya daga ciki, XERF ta garin Ciudad Acuña, ta kai wat 250,000. Da dare ya yi, samarin Texas su murɗa akwati su ji bulus, wato kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka. Sunayen tashoshin Meziko da harafin X suke farawa, shi ya sa ZZ Top suka yi musu waƙar godiya mai suna "Heard It on the X" a faifan Fandango! na 1975. Ku da kuke kama mu daga ƙetaren iyaka kun san zancen: murya ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Faifansu na farko ya fito a 1971, amma na uku, Tres Hombres na 1973, mai ɗauke da waƙar "La Grange", shi ya fito da su. To, a 1976 sai suka yi abin da zai ba makiyayi dariya. Suka fita rangadi da dandamali mai siffar taswirar Texas, suka loda wa manyan motoci sa mai dogayen ƙaho, da ɓaunan Amurka, da ungulaye, da macizai, duk don 'yan birni su ga yadda gida yake.

Rangadin ya gajiyar da su, suka tafi hutu wajen shekara biyu, kowa ya kama gabansa. Da aka sake haɗuwa don faifan Degüello na 1979, sai ga Gibbons da Hill kowanne da gemu har ƙirji. Shi kuwa Beard, wanda ma'anar sunansa a Turanci ita ce gemu, gashin baki kawai ya bari.

Babbar cacar da suka yi ita ce ta 1983. Kasuwa ta juya, matasa sun koma kallon bidiyon waƙa a tashar MTV. Sai suka gauraya bulus ɗinsu da na'urorin kiɗa na lantarki a faifan Eliminator, suka sa wata jar mota Ford ƙirar 1933 a bidiyoyinsu. Wasu tsofaffin masoya suka ce an sayar da asali. Amma faifan ya haura kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai. Ba su kuma manta da mafari ba: a 1988 sun gabatar da jitar da aka sassaƙa da katakon bukkar da Muddy Waters, babban mawaƙin bulus, ya tashi a ciki, don tara wa gidan tarihin bulus na Clarksdale kuɗi. A 2004 aka shigar da su zauren karrama mawaƙan rok.

Duk wanda ya taɓa haɗa jari da abokinsa ya san zo mu zauna, zo mu saɓa. Su ukun nan sun yi shekara 51 ba a sauya ko mutum ɗaya ba. Da aka tambayi Gibbons sirrin, cikin raha ya ce kowa da motarsa a hanya. Mutuwa ce ta raba: Hill ya rasu ranar 28 ga Yuli, 2021, yana da shekara 72. Kafin nan ya bar wasiyya cewa kada a tsaya, a miƙa jitarsa ga Elwood Francis, mutumin da ya daɗe yana gyara musu kayan kiɗa. Haka kuwa aka yi.