Inda masu zayyana kayan ado na Landan ke samo dabarun aikinsu

Kafin zobe ko sarƙa su kai ga teburin maƙeri, sai wani ya fara ganin siffarsu a ransa. A Landan, inda unguwar Hatton Garden ta shahara da cinikin zinare da lu'ulu'u tun ƙarni na 19, wannan mataki na farko sana'a ce mai zaman kanta, wadda ake koyarwa a makarantu irin su Central Saint Martins da Royal College of Art. Tarihin manyan masu wannan aiki a birnin ya nuna cewa basirar ba daga sama take faɗowa ba. Tana fitowa ne daga dogon kallo da nazarin abin da ke kewaye da mutum, da kuma aro daga ayyukan wasu al'ummomi, wanda har yau ake muhawara a kansa.

Halittu da tarkacen gida

Andrew Grima, wanda aka haifa a birnin Rum a 1921 kuma ya buɗe shagonsa a titin Jermyn na Landan a 1966, injiniyanci ya karanta, ba ƙira ba. Ya yi suna ne saboda yadda yake ɗaukar ganye da bawon itace, har ma da ɓawon da ke zuba idan an feƙe fensir, ya juya siffarsu zuwa zinare. A 1967 Gimbiya Margaret, ƙanwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ta aika masa da wani tsiro mai kama da gansakuka da ta tsinta a Balmoral da ke Scotland. Grima ya zuba narkakken zinare a gurbin siffar tsiron, ya ƙawata shi da lu'ulu'u, ya zama abin adon da ake maƙalawa a ƙirji.

Gidajen tarihi

Tushe na biyu shi ne aikin magabata. A gidan tarihi na Victoria and Albert akwai zauren kayan ado da aka buɗe a 2008, mai ɗauke da kaya fiye da 3,000 tun daga zamanin da har zuwa yau, kuma ɗalibai kan je can da littafin zane su kwafi yadda aka haɗa kowane abu. Wannan ɗabi'a ta daɗe a Turai. Bayan gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar a 1922, kamfanoni irin su Cartier sun cika kasuwa da kayan ado masu siffofin tsohuwar Masar.

Aro daga Afirka

A nan ne batun ke da sarƙaƙiya. Shaun Leane, wanda ya koyi ƙira a Hatton Garden, ya ƙera wa mai zayyana tufafi Alexander McQueen wata rigar ƙarfe mai zobba a 1999, kuma ya samo tunaninta ne daga zobban wuyan matan Ndebele na kudancin Afirka. Aikin ya shiga tarihin ado na duniya da sunan mutanen biyu, alhali ba a san sunayen maƙeran da suka fara wannan salo ba.

Haka kuma wasu daga cikin kayan zinaren Asante da masu zane ke nazari a Landan, sojojin Birtaniya ne suka kwaso su daga fadar Kumasi a 1874. A 2024 gidan tarihi na Birtaniya da na Victoria and Albert sun mayar da guda 32 Ghana, amma a matsayin aro na shekara uku da za a iya tsawaitawa.

Emefa Cole, 'yar asalin Ghana da ke aiki a Landan, ta bi wata hanya dabam. Ta koma Kumasi ta zauna a gaban maƙerin zinaren Sarkin Asante ta koyi aikin daga tushe, sannan ta haɗa shi da sha'awarta ga duwatsu masu aman wuta. Gidan tarihi na Victoria and Albert ya mallaki zobenta mai suna Vulcan, kuma a 2022 ya naɗa ta cikin jami'an da ke kula da kayan adonsa.

Daga tunani zuwa ƙarfe

Samun tunani rabin aiki ne. Mai zayyana kan yi zane da yawa a kan siffa guda, ya gwada ta da takarda ko waya ko tagulla, domin ya san nauyinta a kunne da yadda za ta kwanta a wuya. Daga nan a sassaƙa ta da kaki, ko a zana ta a kwamfuta inji ya fitar da samfurin. Sai a lulluɓe kakin da yumɓu ko farar ƙasa, a gasa ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Da wannan dabara ce maƙeran Abzinawa suka daɗe suna ƙera tambarin Agadez na azurfa.

Mataki na ƙarshe na doka ne. Tun 1478 ake gwada ingancin azurfa da zinare a zauren ƙungiyar maƙeran zinare ta Landan. A yau duk kayan zinaren da nauyinsa ya haura giram ɗaya sai an buga masa hatimi kafin a sayar da shi a matsayin zinare. Hatimin Landan kan damisa ne, kuma a gefensa akwai alamar wanda ya kawo kayan, wadda ke ba da damar gano mai aikin ko da bayan ƙarnuka.

Abin da ke hannun maƙeran ƙasar Hausa

Maƙeran fari na Kano da Zinder da Agadez na gogayya da kayan da ake shigowa da su daga Dubai da Indiya da Sin. Sai dai irin taskar da ɗaliban Landan ke zuwa nema a gidajen tarihi, a ƙofar gidansu take: dagi, da zayyanar bangon tsofaffin gidajen Zariya, da aska takwas ta babbar riga, da zanen ƙwarya da na dukawa. Abin da maƙerin Landan ya fi su da shi shi ne littafin zane da ke adana tunaninsa, da hatimin da ke ɗauke da sunansa duk inda aikin ya je.