Lokacin da Aljeriya ke rina giyar Faransa

Mai karatu, kafin ka ɗaga gira: ba tallar giya muka zo yi ba, Musulmi ya san hukuncinta. Abin da ya kai shirinmu na tarihi cikin gonakin inabi a wannan makon shi ne maƙwabciyarmu Aljeriya. Ƙasa ce ta Musulmi, amma a wajajen 1960 babu ƙasar da ta kai ta fitar da giyar inabi zuwa waje a duk duniya. To, yaya aka yi haka?

Bari mu fara da yadda sana'ar take a yau. Idan ka je kudancin Faransa, yankin da ake kira Langedok, za ka tarar da ƙananan masana'antu na iyali, kowa da 'yar gonarsa. Mai jar giya ba ya cika dogara da irin inabi guda. Yakan haɗa Carignan mai tsami da duhun launi, da Grenache mai taushi, da Syrah mai ƙamshi irin na masoro. Sannan ya zuba a gangar katako ta wani ƙaƙƙarfan itace da Faransawa ke kira shen. Gangar Bordo tana cin lita 225. A cikinta giyar kan kwana watanni, wani lokaci fiye da shekara, iska na ratsa katakon kaɗan-kaɗan tana rage mata bauri, itacen kuma yana ba ta ƙamshin banila. A ƙarshe mai gonar ya rubuta sunan yankinsa a jikin kwalba, yana alfahari.

Wannan haɗin na fili ne. Amma shekaru ɗari da suka wuce, haɗi a wannan yanki ɓoye aibi ake yi da shi.

Mafarin labarin wani ɗan ƙwaro ne, filoksera, wanda ya shigo daga Amurka. An fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa a 1863. Saiwar inabi yake tsotsa har kurangar ta bushe. A 1875 Faransa ta samar da sama da lita biliyan 8, amma zuwa 1889 abin bai kai biliyan 3 ba. Manoma suka tsiyace.

Ina mafita? Ƙetaren Bahar Rum. Tun 1830 Faransa ta mamaye Aljeriya, ta kuma riƙa ƙwace filayen noma masu kyau tana raba wa Turawa 'yan kama-wuri-zauna. Sai manoman da ƙwaro ya kora suka riƙa tsallakawa, bankuna na ba su bashi, suka dasa inabi a Oran, Maskara, Tilimsan da Mostaganem. Zuwa shekarun 1930 gonakin inabin Aljeriya sun kai kusan hekta 400,000. Su wa ke shan rana a ciki? 'Yan ƙasa, a matsayin 'yan ƙodago, suna noma abin da akasarinsu ba sa sha, a filayen da za su iya ba su alkama da sha'ir.

A can gida kuwa, Faransawa sun samo maganin ƙwaron: aure, kamar dai yadda muke yi wa mangwaro. Suka ɗora reshen inabin Turai a kan gindin na Amurka, wanda ƙwaron ba ya kashewa. Manoman Langedok suka rungumi wani iri mai suna Aramon, mai yawan 'ya'ya, sai dai ruwansa salam yake, ba launi ba ƙarfi. Na Aljeriya kuwa ya sha rana, ya yi duhu, ya yi ƙarfi. Ka ga inda aka dosa. Jiragen ruwa suka riƙa sauke manyan ganguna a tashar Set, dillalai na surka wannan da wancan, a sayar wa ma'aikatan birane da araha. Tunda a dokance Aljeriya yanki ce ta Faransa, ba harajin shigo da kaya, kuma mai sha bai san rabin kofinsa daga Afirka ya fito ba.

Kasuwa ta cika ta batse, ga masu algus da sukari, farashi ya faɗi warwas. A 1907 manoman kudu suka yi bore ƙarƙashin Marcelin Albert. Dubban ɗaruruwa suka cika titunan Mompeliye, a Narbon kuma sojoji suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Matsin lambar manoma, har da ƙorafinsu kan giyar Aljeriya, yana cikin abubuwan da suka haifar da jerin dokoki, ciki har da ta 1935 wadda ta ɗaure sunan giya da yankin da aka noma ta, da irin inabin da aka yarda a haɗa. Wato sunan yankin nan da ƙaramin manomi ke tinƙaho da shi a yau, katanga ce da aka gina lokacin rikici.

Da Aljeriya ta sami 'yanci a 1962, sai ta wayi gari da gado mai nauyi: giya na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin waje, mai saye kuma kusan guda ɗaya ne. Faransa ta rage saye, daga bisani aka hana surka giyar Turai da ta waje. Aljeriya ta juya wajen Tarayyar Sobiyet, amma farashin bai taka kara ya karya ba. A shekarun 1970 gwamnatin Houari Boumediene ta sa aka tumɓuke gonaki masu ɗimbin yawa. 'Yan ƙodagon da suka dogara da aikin inabi suka shiga neman abin yi, da yawa suka nufi birane.

Mai karatu, kai da ka ji labarin dalar gyaɗa a Kano da cinikin gyaɗa a Maraɗi, wannan ba baƙon zance ba ne a wurinka. An tsara noman ƙasa don biyan buƙatar wata kasuwa mai nisa, ranar da kasuwar ta juya baya kuma, manomi aka bari riƙe da fartanya. Don haka idan aka zo maka da sabon iri ana cewa akwai masu saye a waje, ka tambaya: masu sayen nawa ne, kuma idan suka daina, za a iya cin abin a gida?

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.